An damfare ni kuɗin masaukin baƙin biki, don Allah ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun jiya nake tunanin ko in rubuta ko in yi shiru, amma na ga shirun nan namu shi yake ƙara musu ƙarfi. Bikin ƙanwata saura kwana 9, dangin ango za su zo daga Gombe, mata kusan 14. Gidanmu na Tudun Wada a Zariya ya riga ya cika da namu dangin, otal kuma sun ce ba su so, sun fi son gida guda inda za su yi girkinsu su yi shirinsu tare. Sai na shiga neman irin gidajen nan na haya na 'yan kwanaki, waɗanda ake cewa shotlet. Na ci karo da wani shafi mai hotuna tsaf tsaf: ɗaki 4, falo 2, sola, rijiyar burtsatse, wai a GRA. Kwana ɗaya naira 45,000. Na kira lambar, wani mutum ya ɗauka, Hausarsa tsantsa, ga ladabi, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ya ce yana Abuja wurin aiki, makulli yana hannun maigadi, kuma akwai wata mata da ta riga ta tambayi kwanakin, in dai ina so to in ajiye rabi kafin magariba. Kwana 6 ya kama 270,000, na tura 135,000. Sai ya ce akwai 30,000 na kariyar kayan gida, za a mayar mini ranar fita. Na ƙara turawa.

Da gari ya waye na aiki ƙanina ya karɓo makulli. Titin yana nan, lambar gidan tana nan, amma ba gidan hoton ba ne. Wani dattijo ne da ya yi ritaya yake zaune da iyalinsa. Maigadinsu ya ce mu ne na uku da suka zo da wannan magana a makon nan. Lambar mutumin a kashe, ya kuma toshe ni. Kuɗin nan na gudummawar 'yan'uwa ne, ba nawa ni kaɗai ba, shi ne ya fi yi mini ciwo.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar miki da mafi alheri, Hajiya. Jama'a, kada kowa ya ɗora mata laifi a nan. Wanda yake da abin taimako ya faɗa.

Baban Ummi: Hajiya, kafin komai, kin je banki? Ni a banki nake aiki. In ba ki je ba, ki bar karanta saƙonnin nan ki kira layin kula da abokan hulɗa na bankinki yanzu, sannan gobe da sassafe ki je reshe da kanki ki rubuta ƙorafi, a ba ki lambar shaidar ƙorafin. Ki tafi da rasit na turawar duka biyu, sunan asusun da lambarsa, da hotunan hirarku. Bankinki ne zai tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga, in an yi sa'a a ɗaure asusun kafin a kwashe. Ba zan ɓoye miki ba, mutanen nan ba sa barin kuɗi ya kwana. Cikin mintuna suke rarraba shi zuwa wasu asusun ko su cire a wurin masu POS. Amma ko kuɗinki bai dawo ba, ɗaure asusun zai kare na bayanki. In banki bai yi komai ba bayan makonni 2, kina da damar kai ƙorafi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN.

Maman Khalifa: Na kira su jiya da daddare, sun ce in zo reshe. Gobe in sha Allahu. Na gode Baban Ummi.

Ɗan Samaru: Anti, sannu. Don Allah ki turo mini hotunan gidan da ya ba ki in duba wani abu.

Ɗan Samaru: To, na gani. Na sa hoton falon a Google Lens, ko minti ɗaya ban yi ba sai ga shi ya fito a tallan wani gida a Legas, tsohon talla ma. Wannan abu kowa zai iya yi da wayarsa, kyauta ne: ka buɗe manhajar Google, ka taɓa alamar kyamara da ke gefen wurin rubutu, ka zaɓi hoton, zai nuna maka inda hoton ya taɓa fitowa a intanet. Gidan da aka ce yana GRA Zariya in ka gan shi a Lekki ko a Dubai, magana ta ƙare.

Ko ba da Google ba ma, hoto yana tona asirin kansa in mutum ya zuba ido. Ku dubi soket na bango. Mu a nan mai baki uku muke amfani da shi, irin na Ingila. In ka ga mai rami biyu zagayayyu, ko ka ga ƙarfen ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga, da wuya a ce a ƙasar nan aka ɗauki hoton. Ku dubi taga: gidan Zariya nawa ne babu ƙarfen tsaro babu ragar sauro? Ku dubi abin da ke bayan tagar, bishiyoyin da gine-ginen. A hoton Anti na uku, ta tagar kicin ana hango doguwar bene da itatuwan kwakwa. Yanzu kuma har da hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, su Lens ba zai same su ko'ina ba tunda sababbi ne. Don haka rashin samun hoto a Google ba shaidar gaskiya ba ce, samunsa a tallan wani gari daban ne shaidar ƙarya.

Alhaji na Ƙofar Doka: Ku yara kuna ta maganar hoto. Ni shekarata sama da 30 ina dillancin gida a cikin birni, ban taɓa karɓar kwabon mutum ba sai ya taka ƙafarsa ya ga ɗaki. Gani ya kori ji. Zariya ce fa. Daga Tudun Wada zuwa GRA kuɗin keke nawa ne? Ba ina ɗora wa 'yata laifi ba ne, Shugaba, amma dokar guda ce: kada ka biya abin da idonka ko idon naka bai gani ba. Duk sauran dabarun ƙari ne.

Hajiyar Hanwa: Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka gaskiya ce, amma ka bar ni in faɗi ta ɓangarenmu. Ni ina da gida biyu da nake bayarwa haya ta kwanaki, kuma ina karɓar kafin alƙalami, ba na jin kunyar faɗa. Sau nawa mutum zai kira ya ce in riƙe masa gida lokacin yaye ɗalibai na ABU ko ranar fitar sababbin sojoji a Depot, in kori mutum uku saboda shi, ranar ta zo ya kashe waya? Na riga na sayi dizal, na biya mai shara, na wanke zannuwan gado. Asarar wa ke ɗauka? Kuma yawancin baƙina ba 'yan Zariya ba ne. Mutum yana Fatakwal ko Maiduguri, ta yaya zai zo ya gani kafin ranar?

Abin da ke damuna, mutanen nan sun ɓata mana sana'a. Nima an taɓa kwashe hotunan gidana an buɗe shafi da su da wata lamba. Ban sani ba sai da wata baiwar Allah ta zo ƙofar gidana da akwatuna da yara ƙarfe 10 na dare, tana nuna mini rasit na kuɗin da ban taɓa gani ba. Ta yi kuka, nima na yi. Na sauke ta a ɗakin 'yata ta kwana. Tun daga ranar nake buga lambata a tsakiyar kowane hoto.

Alhaji na Ƙofar Doka: Hajiya, wanda yake Fatakwal ba shi da kowa a Zariya? Me ya kawo shi? In biki ne akwai masu bikin. In ɗansa ne a makaranta, ɗan ya je ya gani. Bahaushe bai taɓa rasa wanda zai aika ba.

Hajiyar Hanwa: A nan mun haɗu, Alhaji. Ni duk wanda ya ce zai aiko a gani, marhaba nake yi da shi, ko ina gari ko ba na gari akwai mai buɗe ƙofa. Wannan shi ne bambancin da nake so 'yan'uwa su riƙe. Mai gida na gaskiya yana iya neman kafin alƙalami, amma ba zai taɓa hana ka gani ba. Wanda ya ce sai ka biya sannan maigadi zai buɗe, ko ya ce akwai baƙi a ciki ba za a iya shiga ko tsakar gida ba, ko ya ce yana tafiya kullum, to a yi hattara. Kuma kuɗin kariyar kaya, ni ranar shiga nake karɓa, bayan mun zagaya tare an ga talabijin da firji da na'urar sanyaya ɗaki suna aiki. Ba a karɓarsa mako guda kafin a ga makulli.

Ɗan Samaru: In babu wanda za a aika, aƙalla a yi kiran bidiyo kai tsaye, ba bidiyon da aka riga aka ɗauka ba. Ka ce ya fara daga titi, ya nuna maka ƙofar gida da lambarta, ya shiga, ya kunna famfo, ya buɗe firji. Ka ce ya turo maka inda yake tsaye a taswira a daidai lokacin. Ɗan damfara zai ce sabis ba kyau ko kyamararsa ta lalace.

Barista: Ƙanina, kiran bidiyo yana da amfani, amma kada a dogara da shi shi kaɗai. Akwai salon da ya fi wannan muni, kuma na ga irinsa a aiki. Mutum zai kama gida na gaskiya na kwana 2, ya biya kuɗinsa daidai. A cikin kwana biyun nan shi ne mai gida: zai yi maka kiran bidiyo daga falo, zai ma karɓi wanda ka aiko ya zagaya da shi, ya ba shi ruwan sanyi. Ya karɓi kuɗin mutum 5 ko 6 a kan kwanaki iri ɗaya, ya mayar da makulli ya ɓace. Ka ga a nan har dokar Alhaji ta gani da ido ba ta wadatar ba.

Maganinsa shi ne wanda ka aika kada ya tsaya a cikin gida kawai. Ya fita ya tambayi mai shagon bakin titi, ya tambayi maigadin gidan da ke kusa, ko limamin masallacin layin: gidan nan na wane ne, wa ke kula da shi? Sunan da suka faɗa a gwada shi da sunan da ke fitowa a asusun banki kafin a danna tura. In sun bambanta, a nemi bayani. Wani lokaci dillali ne na gaskiya, to sai ya haɗa ka da mai gidan ku yi magana baki da baki.

Maman Khalifa: Barista, wannan maganar suna ta taɓa ni. Sunan da ya faɗa mini daban, wanda ya fito a asusun daban, sunan mace ma. Na tambaye shi, ya ce asusun matarsa ne, nasa yana da matsala. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma magariba ta kusa, ina tsoron matar da ya ce tana jira ta riga ni.

Barista: Babu wata mata da ke jira, Hajiya. Ita ce igiyar da ya ja ki da ita. Duk aikinsu a kan gaggawa yake tsaye, domin ya san in kika kwana kika yi shawara da mutum ɗaya, ya rasa ki. Shi ya sa yake yanka miki lokaci: kafin magariba, kafin awa ɗaya.

Game da hukuma, laifin nan yana da doka. Dokar zamba ta karɓar kuɗi da ƙarya ta shekarar 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Ki kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa da ke a ba ki takardar shaida, domin banki kan nemi ita. Kina iya rubuta ƙorafi ga EFCC, suna da ofishin shiyya a Kaduna. Kuma ki nemi lambobin sauran mutum biyun nan da maigadi ya ambata. Ƙorafin mutum uku a kan asusu ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Kada ki goge hirarku ko da ganinta yana ɓata miki rai.

Baban Ummi: In ƙara a kan maganar asusun mace. Sau da yawa mai sunan bai ma san ɓarawon ba. Yaranmu ne ake bi ana ba su 'yan kuɗi kaɗan su buɗe asusu da BVN da NIN ɗinsu su miƙa. Ranar da bincike ya tashi, ƙofar mai sunan ake bugawa. Iyaye, ku ja kunnen 'ya'yanku da ke makarantu a garin nan.

Bazazzagi a Ingila: Salam 'yan gida. Ni shawarata ita ce a riƙa bin manyan manhajojin kama masauki irin Airbnb da Booking.com in dai gidan yana kansu. Dalili shi ne, a Airbnb kuɗinka ba ya zuwa hannun mai gida kai tsaye. Kamfanin ne ke riƙewa, sai kusan awa 24 bayan lokacin shigarka sannan a sakar masa. In ka iske gidan ba shi ne na hoto ba, kana da awa 72 daga lokacin da ka gano matsalar ka kai ƙara. Wannan kariyar tana aiki ne kawai in a cikin manhajar ka biya. Shi ya sa ɗan damfara yake cewa mu koma WhatsApp, zan rage maka kuɗin da kamfani ke cira. Da zarar ka fita ka yi masa taransifa, ka fita daga inuwa, babu wanda zai bi maka.

Abu na biyu, karanta sharhin waɗanda suka taɓa sauka, ba taurari kawai ba. Gidan da ke da sharhi da yawa a tsawon shekara biyu ko uku, wasu na yabo wasu na ƙorafin ruwa ko ƙarar janareta, wannan gida ne na gaske. Wanda duk sharhinsa 6 ne, an rubuta su a mako guda, kowanne yabo ne gajere iri ɗaya, wannan a ja baya.

Alhaji na Ƙofar Doka: Ɗana, wannan na ƙasarku ne. Gida nawa ne a Gyallesu ko Palladan ke kan waɗannan abubuwan?

Bazazzagi a Ingila: Kaɗan ne ƙwarai, Baba, ka yi gaskiya. A Zariya hanyarka ce ta fi. Amma mutanenmu suna zuwa Abuja da Legas da Alƙahira da Dubai, inda ba kullum ake da wanda za a aika ba. Can kuma akwai wani abu: Airbnb ba ya nuna cikakken adireshi sai ka kama gidan, unguwa kawai za ka gani. Don haka ba za ka iya aika mutum ba ma, riƙe kuɗin da suke yi shi ne ya maye gurbin ido.

Ɗan Samaru: Yaya, ka manta da wani abu da ya shahara tun 2023. Ɓarayi suna sace kalmar sirrin otal na gaskiya a Booking.com, sai su aiko wa baƙon da ya riga ya kama ɗaki saƙo ta cikin manhajar kanta, da sunan otal ɗin, da kwanakinsa daidai, wai katinka bai wuce ba, ka sake shigar da lambobinsa ta wannan linki cikin awa kaza ko a soke maka ɗaki. Shafin da zai buɗe kamar na gaske, amma adireshin da ke sama an ƙara harafi ko an sauya wani. Duk wanda ya samu irin wannan saƙo kada ya taɓa linkin. Ya nemo lambar otal ɗin da kansa daga wani wuri ya kira. Kuma lambar nan ta sirri da banki ke turowa a waya, ba mai gida ba, ko ma'aikacin banki bai da hurumin tambayarka ita.

Baban Ummi: Haka ne. Kuma akwai bambanci tsakanin biya da kati da yin taransifa. Biyan kati yana da hanyar jayayya, kana iya neman banki ya bi maka kuɗi in ba a ba ka abin da ka saya ba. Taransifa kuwa kamar ka miƙa tsabar kuɗi ne hannu da hannu. Wahalar da muka sha ita ce, a 2022 bankuna da yawa sun dakatar da biyan ƙasashen waje da katin naira, sai mutane suka koma ba wani kuɗi ya kama musu masauki. Ta wannan ƙofar ma an cuci mutane da yawa.

Hajiya Mai Umara: Tunda an taɓo waje, bari in yi wa masu niyyar Umara magana, musamman goman ƙarshe na azumi. Za ka ga talla wai ɗaki minti 5 zuwa Harami a farashin da ko a watan da babu cunkoso ba za a samu ba. Wani lokaci otal ɗin ma yana nan, amma a Aziziyya yake, sai ka hau mota kowace salla. Wani lokaci kuma takardar kama ɗakin ce ta bogi gaba ɗaya, sai tsohuwa ta isa Makka da dare a ce babu sunanta. Ku sa sunan otal a taswira ku ga tafiyar ƙafa minti nawa ce, ku kira otal ɗin ku karanta musu lambar da ke kan takardar su tabbatar. Kamfanin da zai kai ku kuma a duba ko yana da lasisin hukumar alhazai, NAHCON. Araha ba ta ado, balle a goman ƙarshe.

Anti Nas: Ni waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu jinya. Mutum ya ɗauko mahaifiyarsa daga Katsina ko Zamfara zuwa asibitin Shika, an ce magani zai ɗauki makonni, yana neman ɗaki kusa. Hankalinsa ba ya jikinsa, ba shi da natsuwar duba soket ko Google. Duk wanda ya ce masa ga ɗaki sai ya tura. Na ga wanda aka karɓe wa kuɗin da ya ware na magani. Ina roƙon zauren nan, in baƙo ya tambaya, mu da muke gari mu riƙa taka masa mu gani. Ba wani abu zai ci mu ba.

Ummu Sudais: Jama'a don Allah ku taimake ni, jikina ya yi sanyi da karatun nan. Nima ina cikin ciniki yanzu haka. Yayana zai zo daga Jos da iyalinsa hutun makaranta, na samo gida a Hanwa, ɗaki 3, 60,000 kwana ɗaya. Mutumin ya turo mini takardar rajistar kamfani ta CAC da katin shaidarsa. Ya ce in tura rabi yau. Ban tura ba tukuna.

Barista: Alhamdu lillahi da ba ki tura ba. Hoton takarda ba hujja ba ce, ana sauya suna a kanta cikin minti biyu, katin shaida kuma sau da yawa na wani ne da suka taɓa damfara. Ki shiga shafin binciken CAC ki rubuta sunan kamfanin, kyauta ne, za ki ga ko yana nan. Sannan ki duba, asusun da ya ba ki da sunan kamfanin yake ko da sunan mutum?

Ummu Sudais: Sunan kamfanin ya fito a shafin. Asusun ma sunan kamfanin ne ya fito da na gwada.

Barista: Wannan alama ce mai kyau, amma har yanzu a je a gani.

Hajiyar Hanwa: 'Yar'uwa, unguwarmu ce. Turo mini kwatancen ta akwatina, kada ki sa a nan.

Mai Keke na Kwangila: Hajiya Ummu Sudais, ina PZ yanzu na sauke fasinja. In kin yarda ki turo mini nima, in biya in duba miki. Ba sai kin ba ni komai ba.

Ummu Sudais: Na tura muku duka biyu. Allah Ya saka da alheri. Na kuma gaya wa mutumin cewa ɗan'uwana zai zo ya gani, ya ce babu damuwa, yaronsa yana nan.

Alhaji na Ƙofar Doka: Ka tambayi maƙwabta, ɗana, kamar yadda Barista ya ce. Kada ka tsaya a falo.

Mai Keke na Kwangila: Na je na dawo. Gidan yana nan, yaron ya buɗe mini, falo da kicin daidai da hoto. Na tambayi mai shayin bakin layi da wani maigadi, duka sun faɗi sunan mai gidan iri ɗaya, sun ce ya fi shekara yana sauke baƙi. Amma ga abin da na gani: ɗaki na uku ba ɗaki ba ne sosai, sito ne aka sa katifa, babu banɗaki a ciki. Kuma solar da aka rubuta fitila da fanka kawai take ɗauka, na'urar sanyaya ɗaki sai an kawo wuta ko ku sayi man janareta da kanku. Yaron ne ya faɗa mini da bakinsa.

Hajiyar Hanwa: Na san gidan, na san mai shi ta wajen maigidana. Ba ɓarawo ba ne. Amma ki kira shi ki faɗa masa abin da aka gani, ki nemi ragi, kuma maganar mai ku rubuta ta a saƙo tun yanzu, wa zai saya, lita nawa. Kafin alƙalami ki ba da na kwana ɗaya, sauran ranar shiga. In ya ƙi, ki yi mini magana.

Ummu Sudais: Ya yarda da na kwana ɗaya, ya kuma rage 10,000. Ya ce zai gyara rubutun tallan.

Shugaban Zaure: Shawarar Anti Nas ta shiga. Duk wanda zai iya taka wa baƙo ya duba gida a unguwarsa, ya turo mini sunan unguwar ta akwatina. Ina da Samaru, Hanwa, Kwangila da cikin birni. Ana neman na Shika, Sabon Gari, Wusasa da Ɗanmagaji. Maman Khalifa, baƙinki fa, an samu inda za su sauka?

Maman Khalifa: Ba a samu ba tukuna, Malam. Na dawo daga banki yanzu, sun karɓi ƙorafin sun ba ni lamba, sun ce in kawo takardar 'yan sanda. Ƙanina ya koma wurin maigadin, ya samo lambar ɗaya daga cikin mutum biyun, wani bawan Allah ne daga Kano, shi 200,000 aka karɓe masa, asusun kuma ɗaya ne da wanda na tura wa. Mun yi magana, zai zo ranar Laraba mu je ofishin 'yan sanda tare.

Hajiyar Hanwa: Maman Khalifa, gidana na baya babu kowa a kwanakin bikinku. Ɗaki 3 ne ba 4 ba, amma falon babba ne, ina da katifu na ƙari. Ki zo da kanki gobe bayan la'asar ki gani, ki zo da ƙaninki. Maganar kuɗi sai kin gani tukuna.

Maman Khalifa: Zan zo, Hajiya, in sha Allahu. Turo mini kwatance.